Sammaci ya isa hannun wakili, mai kamfani bai sani ba: abin da sabbin dokokin jihohin Amurka suka sauya

Daga farkon 2023 zuwa ƙarshen 2025, jihohin Amurka da dama sun gyara dokokinsu na isar da sammaci da na wakilin da ke karɓar takardun kotu a madadin kamfani. Niyok ta buɗe hanyar miƙa sammaci ta intanet, Fulorida ta gyara dokarta har sau biyu, Delaware ta hana wakili ya zama suna kawai a bayan kamfanin tura wasiƙu, Kolorado kuma ta fara neman shaidar cewa wakilin mazaunin jihar ne da gaske. Da yake kowace jiha da nata tsarin, kotunan tarayya kuma da nasu daban, masu ƙananan kamfanoni sun shiga ruɗu, musamman waɗanda suka yi rajistar LLC (nau'in kamfanin da bashinsa ba ya hawa kan dukiyar mai shi) ta intanet alhali suna zaune a wata jiha ko a wata ƙasa. Wasu sun ɗauka yanzu saƙon imel kaɗai ya isa a gurfanar da su. Wasu kuma sun ɗauka matuƙar takarda ba ta shigo hannunsu ba, shari'a ba ta fara ba. Duka biyun ba haka doka ta ce ba.

## Sammaci da wakili a idon doka

Isar da sammaci shi ne miƙa wa wanda ake ƙara takardu biyu ta hanyar da doka ta amince da ita: sammacin kotu da kwafin ƙarar da aka shigar. Da wannan miƙawar ce kotu ke samun iko a kan wanda ake ƙara, kuma daga ranar ake fara lissafin wa'adin mayar da amsa. Ma'aunin da kotuna ke bi ya samo asali ne daga hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Mullane ta 1950: dole hanyar sanarwar ta kasance wadda hankali zai yarda cewa za ta kai labari ga mutumin. Ba a ce sai an tabbatar ya karanta ba. Wannan bambanci shi ne tushen kusan duk rigimar da ke biyo baya.

Kamfani ba shi da hannun da za a danƙa wa takarda, don haka doka ke tilasta masa ya naɗa wakili mai rajista: mutum ko wani kamfani da ke da adireshi na zahiri a cikin jihar, ba akwatin gidan waya kaɗai ba. Ana rubuta sunansa da adireshinsa a ofishin Sakataren Jiha, wanda a yawancin jihohi shi ne magatakardan kamfanoni, kuma kowa na iya dubawa. Kamfanin da aka kafa a Delaware amma yake da rajistar yin kasuwanci a Tekzas da Fulorida yana buƙatar wakili a kowace ɗaya daga cikin ukun.

Aikin wakili kuwa bai kai faɗin da mutane ke zato ba. Dokar samfuri ta wakilai ta 2006, wato daftarin da aka tsara domin jihohi su kwaikwaya, wadda wasu jihohi suka ɗauka, ta taƙaita shi: ya tura wa kamfani duk takardar da aka miƙa masa zuwa adireshi na ƙarshe da kamfanin ya ba shi, ya ba da sanarwar da doka ta ɗora masa, ya kuma tabbatar bayanansa na rajista na nan daidai. Ba lauya ba ne, ba ya mayar da amsa a kotu, kuma ba a ɗora masa neman mai kamfanin da ya sauya adireshi bai faɗa ba.

## Matsaloli biyu da suka jawo gyaran

Ta farko ita ce kamfanonin da ba a samun su. Mai ƙara ya je adireshin da ke rajista, ya tarar da ƙofa a kulle ko shagon ajiye wasiƙu, babu wanda zai sa hannu. A kotun tarayya lokaci ba ya jiransa, domin tun 1 ga Disamba 2015 aka rage wa'adin isar da sammaci daga kwana 120 zuwa 90 bayan shigar da ƙara. Ga kuma batun kamfanonin bogi. A 2011 Reuters ta ba da rahoton wani gida guda a birnin Cheyenne na jihar Wyoming da ke zaman adireshin kamfanoni sama da 2,000. Tara dubban kamfanoni a adireshi ɗaya ba laifi ba ne, haka sana'ar take, amma ya nuna yadda mai son ɓoye kansa zai iya fakewa a bayan wakili. An sa ran dokar tarayya ta bayyana masu kamfanoni, wadda ta fara aiki a Janairun 2024, za ta toshe wannan kafa. Sai dai a Maris 2025 hukumar FinCEN, mai yaƙi da laifukan kuɗi a ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi ta Amurka, ta cire kamfanonin da aka kafa a cikin Amurka daga wajibcin. Hakan ya bar wakili a matsayin kusan mutum ɗaya tilo da jiha ke iya kamawa da hannu idan tana neman masu kamfani.

Ta biyu kishiyar ta farko ce: sammacin ƙarya. Mai kai sammaci ya rantse cewa ya miƙa takarda alhali bai ko taka unguwar ba, wanda ake ƙara bai zo kotu ba, a yanke masa hukunci a bayan idonsa. A 2009 babban lauyan jihar Niyok ya shigar da ƙara yana neman a soke hukunce-hukunce kusan 100,000 na bashi da aka samu ta irin wannan hanya, daga baya kuma birnin Niyok ya wajabta wa masu kai sammaci ɗaukar na'urar da ke nuna inda suke da lokacin da suka isa.

Maganin matsala ta farko shi ne a sauƙaƙa miƙa sammaci. Maganin ta biyu kuwa a tsaurara. Shi ya sa sabbin dokokin ke kama da masu karo da juna idan aka karanta su a jere.

## Abin da ya sauya a jihohi

Fulorida ce ta fi yin gyara mai zurfi. Dokar da ta fara aiki ranar 2 ga Janairu 2023 ta tsara matakai. A fara da wakili mai rajista. Idan wakilin mutum ne kuma ya ɗan fita, ana iya miƙa wa ma'aikacinsa tun a zuwan farko. Idan an yi yunƙuri ɗaya na tsakani da Allah ba a dace ba, sai a koma kan shugabannin kamfanin ko manajojinsa. Idan mai ƙara ya yi iya bakin ƙoƙarinsa abin ya ci tura, yana iya miƙawa ta ofishin Sakataren Jiha, ko ya roƙi kotu ta ba shi izinin wata hanya, ciki har da imel. A lura da jerin: imel na zuwa ne a ƙarshe, kuma da izinin alƙali. Gyara na biyu, wanda ya fara aiki 1 ga Oktoba 2025, ya taɓa lokutan aiki. A da doka ta wajabta ofishin wakili ya kasance a buɗe daga ƙarfe 10 na safe zuwa 12 na rana kawai a ranakun aiki. Yanzu an ƙara daga 2 zuwa 4 na yamma. Ga manyan kamfanonin wakilci wannan ba komai ba ne, dama a buɗe suke yini guda. Wanda abin ya shafa shi ne mai gyaran famfo ko mai tuƙa babbar mota da ya rubuta sunansa da adireshin gidansa a matsayin wakilin kamfaninsa, alhali yana yini a waje.

Delaware, inda mafi yawan manyan kamfanonin Amurka suka yi rajista, ta bi ta wata fuska. Tun 1 ga Agusta 2025 wakili ba zai gudanar da aikinsa ta ofishin intanet kaɗai ko ta hayar kamfanin tura wasiƙu kaɗai ba. Dama dokar jihar ta riga ta ɗora ƙarin sharuɗɗa a kan wakilin da ke riƙe da kamfanoni sama da 50, ta kuma wajabta wa kowane kamfani ya ba wakilinsa sunan mutum guda mai rai, da adireshin aikinsa da lambar wayarsa, wanda za a riƙa tuntuɓa. Kamfanin da ya ƙi bayarwa, wakili na da damar ajiye shi.

Kolorado ta fuskanci masu buɗe kamfanonin damfara da adireshin mutanen da ba su san hawa ba su san sauka ba. Daga Yuli 2025, mutumin da zai zama wakili sai ya nuna lasisin tuƙi ko katin shaida na jihar, ko ya tabbatar da zamansa a can ta wata hanyar da ofishin ya tanada. Tekzas ta daɗe da toshe makamanciyar wannan kafa: tun 2010 ba a naɗa mutum wakili sai da amincewarsa.

Tsarin Niyok daban ne, domin a can doka ce da kanta ta mai da Sakataren Jiha wakilin karɓar sammaci na kamfanoni. Daga 1 ga Janairu 2023, idan kamfani ya ba ofishin adireshin imel don wannan manufa, mai ƙara na iya ɗora takardun a shafin ofishin maimakon kai su da hannu, ofishin kuma ya aika wa kamfanin sanarwa. Zaɓi ne, ba tilas ba. Amma ta kowace hanya aka bi, sammaci ya cika ne daga lokacin da ofishin ya karɓe shi, ko da wasiƙar da aka tura wa kamfanin ta dawo ba a karɓa ba.

Batun kafofin sada zumunta ya fi ɗaukar hankali fiye da girmansa. Tekzas ta yarda da shi daga ƙarshen 2020, Illinois a 2023, kuma a duka biyun sai mai ƙara ya gamsar da alƙali cewa hanyar da aka saba ta gagara kuma saƙon zai isa ga mutumin. Kalifoniya kuwa ta nufi ɗaya ɓangaren: dokar da aka sa wa hannu a 2025, wadda za ta fara aiki a 2027, na buƙatar mai kai sammaci ya haɗa hoton wurin da ya je, ɗauke da rana da lokaci da alamar wurin, ya kuma gwada miƙawa hannu da hannu sau uku a ranaku da lokuta daban-daban kafin ya bar takardar a hannun wani.

## Tsakanin wakili da mai kamfani

Duk waɗannan dokoki sun ƙarfafa hanyar da ta taso daga kotu zuwa teburin wakili. Ragowar hanyar, daga teburin zuwa mai kamfani, kusan ba su taɓa ta ba, kuma a nan ne mafi yawan asara ke faruwa.

A ce an shigar da ƙara a kotun jihar Fulorida a kan wani ƙaramin LLC. Mai kai sammaci ya shiga ofishin wakili ranar Talata da ƙarfe 11, ya rubuta rana da lokaci da sa hannunsa a shafin farko kamar yadda dokar jihar ta tanada, ma'aikaciya ta karɓa ta shigar a littafi. Kafin la'asar an ɗauki hoton takardun an ɗora a shafin abokin hulɗa, an tura sanarwa ta imel. Wakili ya gama nasa. Amma adireshin imel ɗin na abokin kasuwancin da ya bar kamfanin bara ne, ko na wanda aka biya ya yi rajistar tun farko, ko kuma saƙon ya faɗa cikin tarkacen talla. Wa'adin kwana 20 ya riga ya fara tafiya. Idan ya cika ba amsa, lauyan mai ƙara zai nemi magatakardan kotu ya rubuta cewa wanda ake ƙara bai kare kansa ba, daga nan a nemi hukunci. Sau da yawa labarin farko da mai kamfani ke samu shi ne banki ya riƙe kuɗin da ke asusunsa.

Wa'adin ya bambanta da kotu. A kotun tarayya kwana 21 ne, a Kalifoniya 30, a Niyok 30 idan ta ofishin Sakataren Jiha aka bi. A Tekzas amsa na shiga ne kafin ƙarfe 10 na safiyar Litinin ɗin da ta biyo bayan cikar kwana 20. A lissafin kotun tarayya ba a ƙirga ranar da aka miƙa takardar, amma ana ƙirga Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Sai idan ranar ƙarshe ta faɗo a kansu ne ake ɗagawa zuwa ranar aiki ta gaba. Kuskuren da aka fi yi shi ne fara lissafi daga ranar da mai kamfani ya buɗe saƙon.

Mazauna ƙasashen waje na da wani zato da ke cutar da su: cewa sai an bi Yarjejeniyar Hague ta 1965, wadda ta tsara isar da takardun kotu tsakanin ƙasashe, an aiko musu takarda har gida. Kamfanin da aka kafa a wata jihar Amurka ɗan gida ne a idon doka, ko ina mai shi yake. Ko ga kamfanin waje ma, Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Schlunk ta 1988 cewa idan an miƙa wa wakili a cikin Amurka yadda ya dace, yarjejeniyar ba ta shigo ba.

Idan kuma wakilin ne ya yi sakaci? Kotuna da yawa na ɗora sakacinsa a kan kamfanin da ya zaɓe shi. Kamfanin na iya bin wakilin diyya, amma yarjejeniyar da aka amince da ita lokacin biyan kuɗi sau da yawa ta taƙaita abin da za a iya karɓa zuwa kuɗin hidimar, wanda galibi bai wuce dala 50 zuwa 300 a shekara ba.

Akwai kuma ajiye aiki. Katin banki ya ƙare, kuɗin shekara bai shiga ba, wakili ya janye. A ƙarƙashin dokar samfuri janyewar na aiki a rana ta 31 bayan shigar da takardar, sai dai in an naɗa wani kafin nan. A Delaware, kamfanin da bai naɗa sabo a cikin kwana 30 ba yana rasa rajistarsa. Rashin wakili ba ya hana ƙara. Yana buɗe hanyar miƙa sammaci ta Sakataren Jiha ko ta wasiƙar rajista zuwa adireshin da ke fayil, wanda sau da yawa shi ma tsoho ne.

## Ana iya soke hukuncin bayan ido?

Ya danganta da inda matsalar take. Idan ba a miƙa sammaci bisa doka ba, hukuncin ba shi da tushe, kuma a shari'ar Peralta ta 1988 Kotun Ƙoli ta ce wanda ba a sanar da shi ba, ba sai ya nuna yana da hujjar cin shari'ar ba kafin a soke. Idan kuwa an miƙa daidai, takardar ce ta ɓace a cikin gida, to roƙo ne ake yi: a kotun tarayya dole a shigar da shi cikin shekara guda, a nuna uzuri karɓaɓɓe da kuma kariya mai ma'ana, kuma alƙali na iya ƙi. Niyok na da sassauci na musamman ga wanda ba a miƙa masa hannu da hannu ba kuma labari bai same shi a kan lokaci ba: shekara guda daga ranar da ya san da hukuncin, amma ba bayan shekara biyar da shigar da shi ba.

Ko a yanayi na farko ma jinkiri na da haɗari. A Janairun 2026, a shari'ar Coney Island Auto Parts, Kotun Ƙoli ta yanke cewa mai cewa hukunci ba shi da tushe ma dole ya nemi sokewa a cikin lokacin da hankali zai ɗauka. Kamfanin ya yi iƙirarin ba a isar masa da sammaci daidai ba, amma an yanke hukuncin tun 2015, shi kuma bai motsa ba sai bayan shekaru, da aka taɓa asusunsa.

## Rajista a jiha da hurumin kotunanta

Naɗa wakili a jiha yana nufin kamfani ya yarda a kai shi ƙara a can a kan kowace magana, ko da ba a can ta faru ba? A Yunin 2023, a shari'ar Mallory, alƙalai 5 cikin 9 sun ce dokar Fensilbeniya da ta tanadi hakan ba ta saɓa wa haƙƙin shari'a ta adalci ba. Hukuncin bai shimfiɗa wannan a kan sauran jihohi ba. Sai jihar da dokarta ta faɗa. Dokar samfuri ma cewa ta yi naɗa wakili shi kaɗai ba ya ba kotu hurumi. Don haka amsar na cikin dokar kowace jiha, kuma a duba ta ne kafin a yi rajista.

## Yadda ɓangarori ke kallon gyaran

Lauyoyin masu ƙara da masu kai sammaci na ganin wanda ya ci moriyar kariyar da kamfani ke bai wa dukiyarsa ta kansa, dole ya yarda a same shi cikin sauƙi. Ƙofar da ke buɗe awa biyu kacal a rana tana ƙara wa mai neman haƙƙinsa kuɗi da ɓata lokaci. Masu kare mabukata da waɗanda ake bi bashi kuwa na tsoron duk sauƙin da aka ƙara zai ƙara yawan hukuncin bayan ido, musamman ta imel, inda shaidar an aika ba shaidar an gani ba ce. Su ne ke goyon bayan hoto da na'urar nuna wuri, abin da masu kai sammaci ke cewa zai tsadar da aikin, ya kuma jefa su cikin haɗari a ƙofar gidajen mutane.

Manyan kamfanonin wakilci ba su da abin asara a dokar zama a ofis na zahiri, don ta dace da yadda suke aiki, tana kuma rage musu masu gasa da farashi mai rahusa. Inda suke turjiya shi ne idan ana son mai da su masu binciken abokan hulɗarsu kamar banki. Masu yaƙi da halasta kuɗin haram na cewa wakili ne ƙofar shiga, don haka a can ya kamata a tsaya. Wakilai na cewa kuɗin da ake biyansu bai kai nauyin ba. Ƙaramin mai kasuwa da ke wakiltar kansa shi ne ke tsakiya: ko ya zauna a ofis a lokutan da doka ta sa, adireshin gidansa kuma na fili ga kowa, ko ya biya wani.

## Abin da ya rage a hannun mai kamfani

Matakin farko shi ne buɗe shafin Sakataren Jiha na kowace jihar da kamfani ke da rajista, a duba sunan wakili da adireshinsa da matsayin kamfanin, domin abin da ke can shi mai ƙara zai bi, ba abin da ke cikin takardun mai kamfani ba. Sannan a shiga shafin wakilin a duba wa ake aika wa sanarwa. Ya fi kyau su zama mutum biyu, kuma imel ɗin ya zama na kamfani wanda ba ya tafiya da ma'aikaci. Wanda wani ya yi masa rajista ya tabbatar an mayar da asusun wakilcin sunansa.

Sauya wakili na buƙatar shigar da takarda a ofishin jiha. Biyan sabo kuɗi kaɗai bai isa ba, kuma kada a sallami tsoho sai sunan sabon ya fito a rajista. Wanda ke kasuwanci a Niyok ya duba adireshin da ofishin Sakataren Jiha ke tura wa sammaci, musamman idan na tsohon lauya ne ko tsohon ofis.

Idan takarda ta iso, a nemi ranar da aka miƙa wa wakili, da sunan kotun da lambar shari'a, a kai wa lauyan da ke da lasisi a wannan jihar. A kotun tarayya kamfani ba ya tsayawa da kansa sai ta lauya. Wani lokaci kuma abin da zai zo ba sammaci ba ne, takardar neman a yafe miƙawar ce a ƙarƙashin Ƙa'ida ta 4 ta kotunan tarayya. Sa hannu a kanta ba amsa laifi ba ne, kuma ba ya hana ƙalubalantar hurumin kotun. Yana mayar da wa'adin amsa daga kwana 21 zuwa 60 daga ranar da aka aiko buƙatar, ko 90 idan wajen Amurka aka aika ta, yayin da wanda ke cikin Amurka ya ƙi ba tare da dalili ba za a ɗora masa kuɗin da aka kashe wajen kai masa sammacin.